Marayun kundaye a rumbun Bacula: yadda nake share su a ofishinmu na Jidda

Ranar wata Lahadi, sati biyu bayan jirgin alhazanmu na ƙarshe ya tashi daga Jidda, na shigo ofis na tarar da saƙonni jere daga sabar ajiya, duk bakinsu ɗaya: faifai ya cika, bakof (kwafin bayanan da ake ɗauka a ajiye) na daren Alhamis bai kammala ba, na Juma'a da na Asabar kuma suna layi suna jiran wuri. A nan ƙasar Lahadi ce farkon mako tun 2013, don haka kwana biyu cur ba wanda ya leƙa. Na buga `df -h`, rumbun nan mai terabait 8 ya cika maƙil. Na shiga `bconsole`, wurin ba da umarni na Bacula, manhajar da ke yi mana bakof, na tara girman duk kundayen (manyan fayilolin da yake zuba bakof a ciki) da ya ce yana da su, ko terabait 5 ba su kai ba. Wato terabait 3 da ɗoriya suna kwance a faifai suna cin wuri, kuma ba wanda ya san na wane ne.

Alhajin da nake yi wa aiki, mai kamfanin hidimar masu umara, haifaffen Shara Mansur ne a Makka, kakansa ne ya zo a ƙafa ta Sudan. Ba ya son dogon bayani. Ya ce, "Injiniya, nawa ne sabon faifai? Ka je shagunan titin Khalid bin Walid ka sayo, halas."

Na ce, "Baba Alhaji, a ba ni kwana uku tukuna. In na sayo yau, baɗi war haka za mu sake saye, don ramin da ke shanye wurin yana nan."

Abin da na yi a kwana ukun nan zan bayyana, don na san akwai 'yan'uwa a Riyad da Madina da ma gida Najeriya da Nijar da suka gaji irin wannan sabar daga hannun wani. Da Bacula nake aiki, katalog ɗina kuma yana kan PostgreSQL. Mai amfani da Bareos, wanda daga jikin Bacula ya ɓalle, kusan duk umarnin nan zai yi masa aiki.

Jaka daban, takardar kaya daban

Duk wanda ya taɓa aikin kayan alhazai ya san abu biyu ne: ga jakunkuna jibge a sito, ga kuma takardar da aka rubuta wace jaka ce ta wane. In ka soke suna a takarda, jakar ba ta gushe daga sito ba. In ka jefar da jaka, sunan yana nan a takarda yana jiran mai shi ya zo ya yi rigima.

Haka Bacula yake. Kundi, wanda manhajar ke kira Volume, fayil ne guda babba a cikin foldar da aka rubuta a layin `Archive Device` na `bacula-sd.conf`, kuma sunan fayil ɗin shi ne sunan kundin. Katalog kuma rajista ce a ma'ajiyar bayanai. Teburin `Media` yana riƙe sunayen kundaye, `Job` yana riƙe ayyukan bakof da aka yi, `JobMedia` shi ne igiyar da ke ɗaure kowane aiki da kundin da aka zuba shi a ciki.

Abin da ya rikita wanda na gada, Allah ya ba shi alheri a inda yake, umarni uku ne masu kama da juna. `prune` yana goge bayanan ayyukan da wa'adinsu ya ƙare. `purge` yana goge bayanan duk ayyukan da ke kan kundi, wa'adi ya cika ko bai cika ba, ba ruwansa. `delete volume` yana cire kundin gaba ɗaya daga rajista. Dukkansu ukun a takarda suke aiki. Babu wanda ke taɓa fayil ɗin da ke faifai. Shi kuwa duk lokacin da ya ga wuri ya fara ƙarewa sai ya shiga ya yi ta `delete volume`, ya ga jerin ya ragu, hankalinsa ya kwanta. Shekara uku yana soke sunaye, jakunkuna na taruwa.

Daga nan marayu suke fitowa, kuma iri uku ne. Akwai fayil a faifai wanda rajista ba ta san shi ba. Akwai suna a rajista wanda fayil ɗinsa ya ɓace, galibi don wani ya buga `rm` ba tare da ya gaya wa Bacula ba. Akwai kuma wanda yake a faifai, yake a rajista, amma ba aiki ko ɗaya da ke ɗaure da shi. Na farkon ne ke cinye wuri a ɓoye, shi ne kuma mai haɗari, don ba ka san me ke cikinsa ba.

Kafin ka taɓa komai

Ka zaɓi lokacin da ba aikin da ke gudana. `status dir` zai nuna maka masu gudana da waɗanda aka tsara. Mu bakof ɗinmu bayan isha'i yake farawa, don haka tsakanin hantsi da la'asar nake wannan aiki, kuma ban taɓa yin sa a Ramadan ko Zulhajji ba, lokacin da ake sikanin fasfo ɗaruruwa a rana. Muharram da Safar su ne watannin shara a sana'armu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai ka kwafi katalog ɗin kansa ka ajiye a wani faifai daban, ba cikin rumbun da za ka share ba:

```
sudo -u postgres pg_dump bacula > /root/katalog-kafin-shara.sql
```

Na uku, kuma kada ka raina shi: ka tabbatar rumbun yana ɗaure da sabar. In kundayenka suna kan akwatin ajiya na daban ne (NAS) da aka haɗa da sabar ta hanyar NFS, kuma haɗin ya tsinke, foldar za ta bayyana wayam, kwatancenka zai ce maka duk kundayen rajista sun ɓace. Wanda ya yarda da wannan ya bi su da `delete` ya yi wa kansa aika-aika. `findmnt /srv/rumbu` ko `mountpoint /srv/rumbu` daƙiƙa ɗaya ce.

In faifan ya cika har ba inda za ka ajiye ko ƙaramin fayil, ka yi aikin jerin a `/root` ko `/tmp`. Jerin sunaye ne kawai, ba shi da nauyi.

Haɗa shaidu biyu

Yanzu ka fitar da jeri biyu, na faifai da na rajista, ka gwama su:

```
export LC_ALL=C
ls -1 /srv/rumbu | sort > /root/faifai.txt
sudo -u postgres psql -At -d bacula \
  -c "select volumename from media" | sort > /root/rajista.txt

comm -23 /root/faifai.txt /root/rajista.txt > /root/babu-a-rajista.txt
comm -13 /root/faifai.txt /root/rajista.txt > /root/babu-a-faifai.txt
```

Layin `LC_ALL=C` ba ado ba ne. `comm` yana son jerin biyu su kasance an tsara su da ƙa'ida ɗaya, in ba haka ba sai ya yi ta ƙorafi ko ya ba ka amsar da ba daidai ba, musamman a sabobin nan da aka saita da Larabci.

Nau'i na uku kuma rajista kaɗai za ka tambaya:

```
select m.volumename, m.volstatus, m.lastwritten, m.volbytes
from media m
left join jobmedia j on j.mediaid = m.mediaid
where j.mediaid is null
order by m.lastwritten;
```

A wurina jerin farko ya fito da fayil 71, na biyu suna 9, na uku kuma 23.

Ɗan yayata da nake koya wa aiki yana tsaye a bayana. Da ya ga 71 ɗin nan sai idonsa ya yi haske. Ya ce, "Kawu, ai layi ɗaya ne. A sa `find` ya nemo duk wanda ya haura shekara ya goge, mu tafi cin abinci."

Na ce masa ya zauna. Jerin nan bai ce "waɗannan shara ce" ba. Abin da ya ce shi ne "wannan rajistar ba ta san su ba". Tsakanin maganganun biyu akwai tafiyar kwana.

Dalilan da ke sa fayil mai rai ya shigo jerin suna da dama, kuma na ci karo da uku a cikinsu. Wani lokaci katalog biyu ne a kan saba ɗaya, ko Director biyu, wato ɓangaren Bacula mai tsara ayyuka, suna zuba kaya a rumbu ɗaya, kai kuma ɗaya kawai ka tambaya. Ka duba `bacula-dir.conf` ka ƙirga sau nawa `Catalog {` ya fito. Wani lokaci fayil ɗin ba kundi ba ne sam: fayilolin `.bsr` masu nuna wa Bacula inda zai tsinci aiki ranar da katalog ta mutu, ko `lost+found`, ko wani abu da wani ya jefa a wurin don ya ga fili. Na uku shi ne wanda ya kusa cin mu. An taɓa maido da katalog daga tsohon kwafi bayan sabar ta faɗi, kwafin kuma ya girmi faɗuwar da makonni. Duk kundayen da aka rubuta a tsakanin nan rajista ta manta da su, alhali bayanan da ke cikinsu lafiyarsu ƙalau.

A jerin na biyu ma akwai tarko. In kana da na'urar ajiya fiye da ɗaya, misali folda biyu ko folda da kaset, to kundayen ɗaya wurin duk za su fito a matsayin ɓatattu. Ka ƙara `mediatype` a tambayar ka tace, ko ka yi kowace folda da nata kwatancen.

Buɗe jakar ka gani

Wannan ne sashen da ya fi cin lokaci, kuma shi ne ainihin aikin. Bacula yana zuwa da ƙananan kayan aiki da ke karanta kundi kai tsaye ba tare da sun tambayi rajista ba. Na farko `bls`:

```
bls -j -c /etc/bacula/bacula-sd.conf -V Full-0412 FileStorage
```

`FileStorage` sunan na'urar ne kamar yadda yake a `bacula-sd.conf`, naka yana iya bambanta. Alamar `-j` tana sa ya lissafo ayyukan da ke cikin kundin: lambar aiki, sunansa, kwamfutar da aka kwaso, ranar da aka yi, da ko cikakken bakof ne ko na ƙari. In ka cire `-j` zai jero maka fayilolin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Ka sani dole ya karanta kundin daga farko zuwa ƙarshe, don haka kundi mai gigabait 50 zai ɗauki mintuna. Ni na rubuta ɗan madauki ya bi duk 71 ɗin yana zuba sakamakon kowanne a fayil ɗinsa, na bar shi cikin `tmux`, na tafi azahar, na dawo, na sake tafiya la'asar.

```
while read k; do
  bls -j -c /etc/bacula/bacula-sd.conf -V "$k" FileStorage \
    > /root/duba/"$k".txt 2>&1
done < /root/babu-a-rajista.txt
```

Ka ƙirƙiri foldar `/root/duba` tukuna. Wanda `bls` ya kasa karanta lakabinsa, ka ware shi gefe ka duba da `file` da `ls -l`, wataƙila ba kundi ba ne.

Da sakamakon ya fito na zauna da shayi na kasa shi. Mafi yawa bakof ne na kwamfutocin da yanzu ma ana kwafarsu kowane dare, kuma akwai sababbin cikakkun kwafi a rajista. Waɗannan shara ce ta gaskiya. Wasu na kwamfutocin da aka daina amfani da su ne, har da ta wani reshe da aka rufe lokacin korona a 2020. Waɗannan ba ni ke da hurumin yanke musu hukunci ba. Guda shida kuma na kwamfutar akanta ne, daga ƙarshen 2021, daidai lokacin da hukumar zakka da haraji ta ZATCA ta fara tilasta rasit na lantarki a ranar 4 ga Disamba na shekarar, aka canza manhajar lissafi, tsohuwar kuma aka goge ta daga kwamfutar. Kwafin tsofaffin rasit ɗin da ya rage a duniya shi ne wanda ke cikin kundaye shidan nan da ɗan yayata ke son sharewa kafin abinci. Dokar harajin VAT a nan ta ce a riƙe takardu aƙalla shekara 6.

Na kira shi na nuna masa allon. Bai ce komai ba, ya tafi ya ƙaro mini shayi.

Malaminmu na masallacin unguwa ya taɓa karantar da mu hukuncin tsintuwa, cewa ana cigiyarta shekara guda, tsintuwar Makka kuwa ba a ɗaukar ta sai don a yi cigiya. Ba fatawa nake ba kan fayil, amma tun ranar nake kiran matakin nan cigiya. Na buga jerin kwamfutoci da ranaku a takarda ɗaya, na kai wa akanta, na kai wa mai kula da biza, na kai wa Alhaji. Kowa ya sa hannu a gaban abin da ya ce ba ya so. Takarda, ba saƙon WhatsApp ba, don saƙo yana ɓata ranar da ake neman sa.

Cigiyar tana da fuska ta biyu da ya kamata masu sana'a irin tamu su sani. Dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fara aiki a Satumba 2023, aka ba kamfanoni shekara guda su shirya, hukumar kula da bayanai ta SDAIA ce ke sa ido a kanta. Tana neman a lalata bayanan mutum in buƙatar da aka karɓe su dominta ta ƙare, sai in wata doka ta ce a riƙe. Hotunan fasfon mutanen da suka yi umara shekaru da suka wuce suna kwance cikin kundin da ba wanda ya san da shi, wannan ma laifi ne da ke jiran ranarsa. Saboda haka "a bar komai don gudun asara" ba mafita ba ce. Sai dai a duba, a san me aka riƙe, a san dalili.

Abin da aka ce ana so, hanya biyu ce. In fayilolin kawai ake buƙata, `bextract` zai zazzage su a folda ba tare da ya taɓa rajista ba:

```
bextract -c /etc/bacula/bacula-sd.conf -V Full-0412 FileStorage /mnt/fili
```

In kuma kana son kundin ya dawo rajista a riƙa ganin sa a `restore`, sai `bscan`. Ka fara gudanar da shi ba tare da `-s` ba, zai karanta ya ba da rahoto kawai. In ka gamsu ka ƙara `-s -m` ya rubuta. In aiki ɗaya ya ratsa kundi biyu ko uku, ka ba shi sunayensu duka a jere da alamar `|` tsakaninsu, cikin alamar zance. Gargaɗi ɗaya: ayyukan da ka maido tsofaffi ne, wa'adinsu ya wuce, don haka sharar atomatik tana iya sake goge su daga rajista da zarar bakof na gaba ya gudana. Ka ciro abin da kake so nan take. Ni rasit ɗin akanta da `bextract` na ciro su, na sa a faifan waje guda biyu, ɗaya a sef ɗin ofis, ɗaya a Makka wurin Alhaji.

Killacewa, sannan gogewa

Waɗanda kowa ya yarda shara ce, ban goge su ranar ba. Na rubuta sunayensu a `/root/a-goge.txt`, na matsar da su:

```
mkdir /srv/killace
xargs -a /root/a-goge.txt -I{} mv /srv/rumbu/{} /srv/killace/
```

In foldar killacewa tana kan faifai ɗaya da rumbun, matsarwar ƙiftawar ido ce, amma ba ta ba ka ko baiti ɗaya na fili. Mu kuwa fili muke nema da gaggawa. Abin da na yi shi ne na zaɓi guda goma da babu ko shakka a kansu, bakof na gwaji da wanda na gada ya yi wa kwamfutarsa, na goge su nan take don aikin dare ya samu wurin numfashi. Sauran suka yi kwana 30 a killace. Na zaɓi 30 ne don a cikinsu cikakken bakof na wata zai zagayo, akanta kuma zai rufe lissafin wata. In akwai mai kuka, a cikin kwanakin zai yi.

In ka goge amma `df` bai motsa ba, kada ka firgita. Ko dai `bacula-sd` yana riƙe da fayil ɗin a buɗe, `lsof +L1` zai nuna maka, `release` a `bconsole` kuma ya sa ya saki. Ko kuma rumbun yana ɗaukar hoton kansa lokaci-lokaci, kamar yadda ZFS da yawancin NAS ke yi, ko yana da kwandon shara nasa. Sai hotunan sun tsufa sun faɗi filin zai dawo.

Jerin na biyu, sunaye 9 da ba su da fayil, aikinsa gajere ne. Bayan na tabbatar ba a wata folda suke ba, na duba ayyukan da rajista ta ce suna kansu, sannan `delete volume=Inc-0233` ɗaya bayan ɗaya. Amfanin cire su shi ne kada ranar wuya Bacula ya yi maka alkawarin maido da abin da ba shi da shi, ya tsaya yana jiran ka saka kundin da ya daɗe da zama tarihi. In ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da cikakken bakof na kwamfutar da ke aiki, ka gudanar da sabon cikakke a daren nan, don na ƙarin da suka biyo bayansa sun zama reshe ba gindi.

Jerin na uku yana son ido a kan `volstatus`. Mai `Append` sabon kundi ne da aka yi wa lakabi ba a fara zuba masa ba, ka ƙyale shi. Mai `Purged` ko `Recycle` Bacula na ajiye da shi zai sake amfani da shi, amma ɗabi'arsa ce ba ya taɓa tsohon abin da ke ciki sai ranar da ya rasa wani kundin da zai rubuta a kai, don haka fayil ɗin yana nan da cikakken girmansa. Masu `Error` kuwa ba ya sake waiwayar su har abada, sai kai ka zo. A cikin 23 ɗina, 14 masu `Error` ne, yawancinsu daga daren da wuta ta ɗauke UPS ɗinmu kuma batirinsa ya mutu a zafin Agusta. Na bi su da `bls` kamar sauran, sannan `delete volume`, sannan na matsar da fayil ɗin zuwa killace a zama ɗaya. In ka yi na farko ka ce na biyu sai gobe, ka haifi sabon maraya da hannunka.

Game da `purge` ina da ra'ayi mai tsauri: ban yarda yaro mai koyo ya buga shi ba. Aiki ɗaya yana iya ratsa kundi uku. Ka yi wa na tsakiya `purge`, bayanan aikin gaba ɗaya sun tafi, kundaye biyu na gefe su wayi gari ba mai su. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan. In `prune` ya ƙi goge abu, yana da dalili, ka nemi dalilin.

Daga ƙarshe na gudanar da `dbcheck -c /etc/bacula/bacula-dir.conf` ba tare da `-f` ba, don ya nuna mini ragowar layukan rajista da ba su ɗaure da komai. Faifai ba ruwansa da shi, cikin rajista kawai yake dubawa, kuma binciken hanyoyin fayil yana iya ɗaukar awanni a katalog babba. Na ga abin da ya samo, na sa ya gyara na `JobMedia` da na `File`, na bar sauran.

Toshe ramin

Layuka kaɗan ne a kowane `Pool`, wato rukunin kundaye:

```
Maximum Volume Bytes = 50G
Maximum Volumes = 120
Volume Retention = 90 days
Recycle = yes
AutoPrune = yes
Action On Purge = Truncate
```

Lissafin a fili yake: 50 sau 120 gigabait 6000 ke nan. In ka tara na duk rukunan kada ya kai girman rumbun, ka bar sarari. In ba ka rubuta `Volume Retention` ba, Bacula shekara guda yake ɗauka, kuma daga ranar rubutu na ƙarshe yake ƙirgawa, da kalandar miladiyya. Na faɗi haka ne don a ofishinmu kowa da watan Hijira yake lissafi, har Alhaji ya taɓa tambayata me ya sa abin Rajab na bara bai faɗi ba alhali Rajab ya zagayo. Na ce saura kwana goma sha ɗaya, Baba.

`Action On Purge = Truncate` izini ne kawai, ba ya yanke komai da kansa. Sai ka buga `purge volume action=truncate` tare da sunan `pool` da `storage`, shi ne zai rage kundayen da suka riga suka zama `Purged` zuwa lakabinsu kaɗai. Ka tuna bayan wannan `bscan` ba shi da abin da zai ceto.

Wani abu da ke kama mutane: gyaran da ka yi a fayil ɗin saiti sababbin kundaye kawai yake shafa. Kowane tsohon kundi yana riƙe da wa'adin da aka haife shi da shi. Bayan `reload` sai ka yi `update pool`, sannan `update`, ka zaɓi sigogin kundi, ka zaɓi a sabunta dukkan kundayen rukunin daga saitinsa. Kafin ka rage wa'adi ka tabbatar ka san me zai faɗi, don daren nan ne zai fara faɗuwa.

Layukan `comm` ɗin nan na sama na mayar da su ƙaramin rubutu da `cron` ke gudanarwa ranar ɗaya ga kowane wata, ya aiko mini da jerin ta imel. Ba ya goge komai, kuma ba zan taɓa ba shi wannan ikon ba.

Ranar da kwana 30 suka cika, kafin na goge killace, na sa ɗan yayata ya shiga `restore`, ya zaɓi lamba 5, wato bakof mafi sabo na kwamfuta guda, ya maido da foldar biza ta makon jiya zuwa `/tmp`, ya buɗe fayil uku a gabana. Sannan ya yi haka da kwamfutar akanta. Da suka buɗe na miƙa masa allon rubutu na ce, "Yanzu buga `rm` ɗin naka." Rumbun ya sauko zuwa kashi 58. Kundaye huɗu na reshen da aka rufe suna nan a folda mai suna `jiran-alhaji`, don har yau bai sa hannu a gabansu ba, kullum na tuna masa sai ya ce bayan umarar Rabi'ul Awwal.